Amsa ga mai tambaya a kan kuskure a takardar ɗaurin ƙaninta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo masa mafita. Kin ce babbar kotu ta ɗaure ƙaninki shekara 3 a laifi ɗaya, shekara 2 a ɗayan, alƙali ya ce su tafi tare, wato a yi zaman ɗaurin biyu a lokaci ɗaya ya zama shekara 3, amma takardar da ke gidan yari ta nuna shekara 5, ga shi kun riga kun ɗaukaka ƙara. Na daɗe ina aiki a ofishin rajistara, kuma irin wannan tuntuɓen alƙalami yana faruwa fiye da yadda ake zato.

Kafin komai ku gano inda kuskuren ya shiga, domin takardu uku ne. Akwai littafin da alƙali ke rubutu da hannunsa a zaman kotu, akwai hukuncin da aka buga a na'ura, sannan akwai warantin da ake miƙa wa gandirobobi. Mutanen gidan yari ba su ji abin da alƙali ya furta ba. Waranti kawai suke gani, da shi suke lissafa ranar fita. Sau da yawa hukuncin lafiya lau yake, akawu ne ya cike waranti cikin gaggawa motar fursunoni na jira. Ku nemi kwafin hukuncin mai hatimi. Sashe na 36(7) na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba wanda aka yi wa shari'a damar samun kwafin cikin kwana 7, kada wani ya yi ta ce muku gobe, jibi.

Idan littafin alƙali ya ce su tafi tare, magana ta yi sauƙi. Gaskiya ne alƙali ba ya sake taɓa shari'ar da ya yanke, amma doka ta bar masa ƙofar gyara kuskuren rubutu, wato a daidaita takarda da abin da ya furta. Rage shekaru ko sake tunani kuwa, wannan aikin kotun sama ne. Lauya zai shigar da roƙo tare da takardar rantsuwa, a sanar da mai gabatar da ƙara. Na sha ganin lauyan gwamnati ya miƙe ya ce ba ya ja, a gama a zama ɗaya.

Sai dai ki tambayi lauyanku ko kundin shari'ar ya riga ya isa kotun ɗaukaka ƙara. In ya isa an yi masa lamba, ragama ta koma can, can za a kai roƙon. In kuma kundin ma da kuskuren ya tafi, faɗa da baki ba ya amfani, domin kotu tana ɗaukar kundi a matsayin daidai ne. Sai an ƙalubalance shi da rantsuwa, an aika wa alƙalin farko ko rajistararsa su amsa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa a bari ɗaukaka ƙara ta gyara komai. Kada ku yarda. Ɗaukaka ƙara na iya cin shekaru, mutum ya gama wa'adinsa na gaskiya yana zaune a kan kuskuren biro, kuma ba mai mayar masa da waɗannan kwanaki.

Ku duba ranar da ɗaurin ya fara aiki ma. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce a yi la'akari da zaman jiran shari'a, jihohi irin su Kano kuma sun yi tasu dokar a 2019, sai lauya ya duba ta jiharku. Idan kuɗin lauya ya yi nauyi, ku je ofishin Hukumar Tallafin Shari'a ta tarayya. Bayan an yi gyaran, ki tabbata sabon waranti ya isa ofishin ajiyar bayanai na gidan yarin, ƙaninki kuma ya ga an sauya ranar fitarsa a littafinsu.