Yaya, Ga Amsar Tambayarka Kan Shayinmu Na Guangzhou

Assalamu alaikum Yaya. Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da ka ce Hajiya ta samu sauƙin ƙafa. A gaishe ta da kyau, da mutanen majalisar ƙofar gida, da duk wanda ya tambaye ni a Daura.

Tambaya biyu ka haɗa. Ka ce me ya sa mu Hausawan da muka zauna a nan Guangzhou ta ƙasar Sin muke shan shayi ba sukari ba madara, a ɗan kofin da bai wuce kurɓa biyu ba. Ka kuma ce wani ya tallata maka farin shayi a Katsina da tsada, wai ya fi kore, har yana maganin hawan jini da rage tumbi. Bari in fara da ta biyun.

Bishiyar ɗaya ce, Yaya. Lipton ɗin da mai shayi ke haɗa maka da burodi, da wanda ake nomawa a Kakara kan tsaunin Mambila, da koren da Buzaye ke dafawa, da farin nan, duk ganyen itace guda ne. Abin da aka yi wa ganyen bayan tsinka shi ne ya raba su. Ganyen shayi in ya ji rauni iska ta shige shi sai ya fara rinewa, kamar yadda farin goro ke yin ja in ka gutsura ka ajiye. In aka murza shi aka bar shi ya rine sarai, baƙin shayi ke nan. Mai yin kore ba ya bari a kai can. Ranar da aka tsinko, ranar za a zuba shi a kasko mai zafi ana juyawa, zafin ya tsayar da rinewar, sannan a murza a busar. Mutanen Japan su turara nasu suke yi. Shi kuwa fari ba ya ganin kasko, ba a kuma murza shi. A faifayen gora ake baza shi ya yi yaushi kwana biyu zuwa uku, a rana mai sauƙi ko a ɗaki mai iska, sannan a ƙarasa busar da shi a hankali. Aikin kamar kaɗan ne, amma in hadari ya taso ko iska ta tsaya a waɗannan kwanakin, ganyen ya lalace ke nan.

Gidan farin shayi lardin Fujian ne, musamman garuruwan Fuding da Zhenghe. Mafi tsadarsa toho ne zalla wanda bai buɗe ba, Baihao Yinzhen, wato allurar azurfa. In ka zuba shi a tafin hannu za ka ga kowane toho lulluɓe da farin gashi mai laushi, har yakan maƙale maka a yatsa, in an zuba ruwa kuma ka ga gashin yana yawo a saman kofi. Ƙasa da shi akwai Bai Mudan, toho haɗe da ganye ɗaya ko biyu. Sai Shou Mei mai manyan ganye, shi ne na masu ƙaramin ƙarfi, kuma shi yawancinmu muke sha. Ruwansa fatsi-fatsi ne, ba kaifi, sai bayan ka haɗiye ka ji wani ɗan zaƙi ya biyo maƙogwaro. Kore ya fi shi kaifi da bauri, ya kuma fi saurin wartsake mutum.

Inda suka fi rabuwa a wurina shi ne ajiya. Kore sabonsa ake so. Wanda aka tsinka kafin bikin Qingming, wajen 4 ko 5 ga Afrilu, shi ne ake rububinsa, irin su Longjing na Hangzhou, kuma a firij ake ɓoye shi domin in ya shekara ƙanshin ya gudu. Fari kuwa daɗewa ke ƙara masa daraja. Mutanen Fuding suna cewa shekara ɗaya shayi ne, shekara uku magani, shekara bakwai dukiya. Akan danne shi faifai-faifai a naɗe a takarda a ajiye. Laima ce kaɗai abokiyar gabarsa. Mu a nan, wajen watan Maris, akwai kwanakin da bango da dandamali ke zufa har madubi ya rufe, sai mun ƙulle shi a leda biyu cikin kwali. Bushewar Daura ta fi dacewa da shi, in dai an nisanta shi da turaren wuta da daddawa, don yana jan wari nan da nan.

Wannan karin maganar ta Fuding ita ce masu talla suka riƙe, kuma a nan nake so ka saurare ni. Shayi abin sha ne mai kyau, amma kada Hajiya ta ajiye ƙwayar hawan jininta saboda shi, kada kuma kai ka sa ran zai sauke maka tumbi. Fari da kore dukansu suna da sinadarin nan mai hana barci, toho ma yana da shi sosai, saboda haka masu cewa fari ba ya da shi ba su faɗi daidai ba. Mai ƙarancin jini ko mai juna biyu gara ta raba shi da lokacin cin abinci, domin yana rage abin da jiki ke ɗauka na sinadarin ƙarfe. Amfanin da na gani da idona a jikin mutanenmu, na sukarin da suka daina zubawa ne.

Koren da ka sani a Daura kuwa, wanda ke shigowa ta Kwangwalam daga Damagaram, samfurinsa daban. Ana kiransa Chunmee, shi ne mai lamba 41022 ko 9371 a jikin kwali, sai ɗan'uwansa mai dunƙule-dunƙule, 3505. Daga nan ƙasar Sin ake fitar da su, yawanci don kasuwar Maroko, wadda ta fi kowa saye, da Muritaniya da Senegal da Mali da Nijar. An yi shi ne don ya jure gawayi da tafasa da sukari da na'a-na'a, kuma ya iya aikinsa. In ka yi wa Longjing wannan dahuwar, ɗaci kawai za ka sha. Shi ruwan da ya tafasa ya ɗan huce yake so, wajen digiri 80.

Yanzu ga batun kofunanmu. Duk shago ko ofis ko masana'antar da ka shiga a Guangzhou za ka tarar da teburin shayi, kuma mai wurin da kansa ke zama ya zuba. Zai ɗauraye kofuna da ruwan zafi a gabanka, ya cika ƙaramar tasa mai murfi da ganye, ya zuba ruwa, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya tace. Ganye ɗaya sai a yi masa zubi shida ko bakwai, kowane zubi da ɗanɗanonsa, shi ya sa kofin yake ƙarami, kuma sukari zai binne bambancin gaba ɗaya. Ba a cika kofi fal. In an zuba maka sai ka ɗan buga yatsu biyu a tebur, godiya ke nan, ba sai ka katse mai magana ba. Ba a kuma taɓo kuɗi sai an sha an saki jiki. Wannan bai zame mana baƙo ba, tunda mu ma ba mu fara ciniki sai mun gama tambayar gida da iyali.

Akwai dalilin da ya fi wannan nauyi a wurinmu. Muna zaune cikin mutanen da giya da naman alade ke kan teburin liyafarsu, kuma ƙin karɓar abin da mai gida ya miƙo maka abu ne mai zafi a al'adarsu. Shayi ne ya fitar da mu. Shi ne abin da Musulmi zai karɓa hannu bibbiyu ba tare da tambayar me aka sa a ciki ba. In an zo ɗaga kofi a wurin cin abinci, sai ka ce kai da shayi za ka maye gurbin giya, su ma suna da wannan a al'adarsu, ba wanda zai ji ka raina shi. Dattawan da suka riga mu zuwa su suka koya mana haka, mu ma duk yaron da ya sauka daga Kano ko Katsina shi muke fara koya masa. Ga mutumin da zai zaga shago biyar ko shida a yini kuwa, da a ce kowane kofi da sukari ne, da jiki ya gaya masa.

Amma ba mu bar na gida ba. Bayan isha'i a unguwar Xiaobei, inda mutanenmu da na Nijar da Mali suka fi yawa, butar ataya ce ke kan risho na lantarki, tunda ba a hura gawayi a bene. Zubi uku, da kumfarsa da sukarinsa, ana labarin farashin kwantena da damina. Lokacin baje kolin Canton, a Afrilu da Oktoba, in baƙi suka cika gari, sai ka rantse a Daura kake. Akwai wani dattijo Badamagare da har yau yake cewa farin shayi ruwan zafi ne kawai, ba ya taɓa shi sai a shagon abokin ciniki, muna kuma girmama ra'ayinsa.

Kada ka biya mutumin Katsina sai ka buɗe ka gani. Na gaske ganye ne cikakke mai gashi, in gari ne a 'yar jaka ka bar masa kayansa. Akwai mai tahowa Kano ƙarshen wata, zan ba shi Bai Mudan kaɗan da faifan tsohon Shou Mei guda. Bai Mudan jiƙa shi za ka yi a kofin gilashi, kada ya shiga butar ataya. Shou Mei ɗin yana jure tafasa, a nan da busasshiyar jar magaryarsu ake dafa shi lokacin sanyi, ku sai ku jefa dabino biyu ku ba Hajiya da hantsi. Ka sanar da ni yadda ta ji shi.