Fulam ɗin daji: ci a inda yake, kar ka sayo shi Kano

Wata baiwar Allah daga Ingila ta rubuto hankali a tashe: ɗanta ya tsinki wasu ƙananan 'ya'yan itace baƙaƙe masu shuɗi-shuɗi a jikin shingen ƙaya, ya ci biyu ya tofar.

Kwantar da hankalinki, 'yar uwa. Yadda kika siffanta, fulam ɗin daji ne da suke kira sloe (fulam shi ne ɗan itacen da ake kira plum da Turanci). Yana nuna a Oktoba da Nuwamba, kuma baurinsa ne ya sa yaron ya tofar. Sai sanyi ya doke shi yake laushi, shi ya sa ake kwanar da shi a firiza kafin a dafa da sukari. Abu biyu za ki kiyaye. Kar a fasa ƙwallon a ci, domin cikinsa akwai irin dafin da ke cikin rogo mai ɗaci. Sannan in kin ga kwalba an rubuta sloe gin, giya ce. Ki kuma nuna wa wanda ya san itacen, don ba kowane ɗan baƙin itace na shinge ake ci ba.

Ɗalibi a Turkiyya yana tambaya ko koren erik (sunan fulam da Turkanci) da ake sayarwa a Afrilu da Mayu ɗanye ne. Ɗanye ne, haka ake cinsa da gishiri. Sayi kaɗan ka ɗanɗana.

Sai Alhajin da ya ce ya ga dashen fulam a Facebook, zai sayi 50 ya zuba a gonarsa a Kano. Haba Alhaji! Itacen nan sai ya yi ɗaruruwan awoyi cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin ya yi fure yadda ya kamata. Hunturunmu dare ne kawai, da hantsi rana ta fito. Ganye za ka samu, in ma ya rayu. Kuma wa ya tabbatar maka abin da ke cikin ledar fulam ne? Sanda ce mai ganye uku, sai bayan shekaru gaskiya ta fito, lokacin mai sayarwa ya canza lamba. Wannan ɓarnar kuɗi tana ƙona mini rai: dashe, taki, man janareto na ban ruwa, ladan yaro.

In tsami kake so, ga tsada. In zaƙi ne, ga ɗinya, har maɗi a yi da ita. Je wurin mai rainon dashe na garinku, wanda za ka iya komawa ka same shi baɗi.