Amsa ga ɗalibar jinya kan tausaya wa majinyaci

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Wata 'yata ɗalibar jinya da ke aji biyu ta tambaya jiya yadda za ta riƙe tausayin da ake koya musu a aji, alhali a ɗakin majinyata ma'aikaciya ɗaya ce ke fama da gadaje masu yawa, har manyan ma'aikata na yi mata tsawa suna ce mata tana ɓata lokaci.

'Yata, ɗaliban da ke dawo mana daga koyon aiki a asibitocin Kaduna, kamar na Barau Dikko, ko Yusuf Dantsoho da ke Tudun Wada, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, abin da suka fi ba da labarinsa shi ne wata sista da suka ga ta ja labule kafin ta buɗe jikin dattijuwa, ta kira ta Mama, ta gaya mata abin da za a yi mata, sannan ta jira ta amince. Wannan duka ba ya cin minti ɗaya, kuma yana cikin aikin. Majinyacin da aka gaishe shi aka suturta shi yakan faɗi abin da ya ɓoye wa likita, kamar jiƙon da yake sha a gida ko maganin hawan jinin da ya daina saye don rashin kuɗi, wanda kuwa jin haka yana iya sauya maganin da za a rubuta masa. Haka kuma juya wanda ba ya iya motsi duk bayan awa 2 shi ke hana gyambon kwanciya, ko da babu mai ganinki cikin dare.

Musulmin cikinmu sun san Rufaida al-Aslamiyya, sahabiyar da ta riƙa jinyar masu rauni, wadda aka kwantar da Sa'adu bin Mu'azu a tantinta a Madina bayan yaƙin Khandaƙ, don haka wannan hali ba baƙo ba ne a wurinmu.

Game da manyan da ke yi miki tsawa, ban goyi bayansu ba, amma yawancinsu gajiya ce ta cinye su, musamman da abokan aiki ke ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya. Kada ki yi musu da su a gaban majinyaci. Ki fara kammala gwajin hawan jini da zafin jiki a kan lokaci, ki yi gaisuwarki hannunki na aiki. Idan kuwa kin ga an wulaƙanta majinyaci, ki sanar da malamar da ke duba ku a keɓe a ranar, kafin a tashi daga aiki.