Amsoshin tambayoyinku: kamshaf, ringi da metal

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon kusan duk na masu manyan motoci ne, dama kaka ta gabato kowa so yake ya tashi motarsa kafin a fara jigilar hatsi zuwa Dawanau.

Wani bawan Allah daga wajen Ringim yace Kanta gare shi mai injin 4D34, da ita yake ci da iyali, ƙarfinta ya ragu kuma tana wata ƙara kas-kas daga sama, da aka buɗe bakanike yace kamshaf ya cinye. Yace ko barci baya iyawa, sabo zai saya ko Baljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje?

Malam kwantar da hankalinka, abin bai kai na hana barci ba, in sha Allahu motarka zata tashi. Kamshaf shi ke buɗe bawul a kan lokaci, karanshaf ya juya sau 2 shi ya juya sau 1, to in tozayen jikinsa suka side bawul baya buɗewa sosai, inji baya shan iska, shi yasa ƙarfi ya tafi. Ni dai Baljiyam na asali mai lafiya ya fi min sabon da ba a san inda aka ƙera shi ba. Ka goge shi da tsumma ka fito da shi rana, ka bi kan kowane tozo da farce, in farcenka ya maƙale ko kaga ƙananan ramuka ajiye masa kayansa, in yayi santsi kuma a auna shi tukuna. Ka tafi da tsohon a hannu domin 4D31 da 4D32 da 4D34 kama suke, kada wani yace maka ai duk ɗaya ne. Tafet, wato ƙarafan da tozayen kamshaf ke turawa su buɗe bawul, waɗanda suka ci da tsohon kamshaf kuma kada a mayar da su, zasu cinye wanda ka saya. Sannan ka tambayi bakaniken me ya cinye shi tun farko, galibi baƙin mai ne baya kaiwa, a duba oyil fam da bushin da hanyoyin mai.

Tunda zance ya zo nan bari in faɗi abin da ke ci min rai. Mutum ya sayar da buhunan riɗi ya haɗa kuɗin gyara, sai ya damƙa wa yaron mota yace je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka sayo ringi (zoben fistin) da metal (ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a ciki), ko ya tura hoton kwali ta WhatsApp a ɗoro masa a motar haya, shi yana zaune a majalisa. Haba Alhaji! A kasuwar akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah da zasu ce maka ga na ɗaya ga na biyu ga na uku ka zaɓa, akwai kuma wanda zai baka na uku a kuɗin na ɗaya yana rantsuwa. Sunan Mahle ko Goetze ko NPR ko Taiho a jikin kwali ba hujja bane, masu jabu ma buga kwali suke yi, wani ma ya fi na gaskiyan sheƙi. Buɗe ka juya bayan metal ka karanta lambarsa da awonsa, STD ne, wato asalin awon kamfani, ko na karanshaf ɗin da aka yanka wato 0.25 ko 0.50, domin in an yanka karanshaf zuwa 0.25 aka sa masa STD mai zai riƙa zurarewa ta gefe, ba za a jima ba inji ya buga. Ringi kuma a zura shi cikin silib, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, a auna tazarar bakinsa kafin a ɗaura a fistin, aikin minti kaɗan ne amma da yawa basa yi, da ido ake haɗa inji wallahi, sai mota ta fito tana hayaƙi tana shan baƙin mai ace sabon aiki ne zai zauna. Ba zai zauna ba. 'Yan kuɗin da ka rage a jabu su zaka biya ninki, kuɗin aiki sau biyu, gaskit sabo, mai sabo, ga janwe, balle ace ta tsaya maka da dare ka ɗauko shanun mutane daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko tumatir daga Kwanar Gafan rana na dukansa masu kaya na kiran waya. Ka je da ƙafarka, ka karɓi rasit, ku yi da mai shago a gaban shaida cewa in awo bai yi ba zaka dawo da shi.

Wani direba daga Gezawa yana tambaya wai ko akwai kamshaf mai sa gudu, yana so ya riƙa wuce abokansa a hanyar Haɗeja. Ƙanena motar kaya kake ja, mai gas, ƙarfin ja take buƙata. Sa irin wanda kamfani ya sa mata, in kuɗi sun maka yawa ka gyara birki.

Wata Hajiya daga wajen Kazaure tace maigidanta ya rasu ya bar musu babbar mota Marsandi 911, da ita ake ciyar da marayu, bakanike ya kawo doguwar takardar kayan da za a saya, tana tsoron a cuce ta. Allah ya jiƙansa Hajiya, ya raya abin da ya bari. Injin motar nan, OM352 mai silinda 6, tsofaffin makanikai sun san shi ciki da bai, ba zaki rasa mai gaskiya ba. Ki samu ɗan'uwa ko amintaccen tsohon direba ya tsaya a kan aikin, a nuna masa kowane abu da aka ce ya mutu kafin a saya, kuma tsofaffin da aka cire a kawo miki su gida a buhu. In kuɗin basu kai ba gara motar ta ƙara wata guda a ajiye da a cike da jabu. Bayan an haɗa kada a lafta mata kaya nan take, ta ɗan yi aiki mara nauyi a juye mai a canza filta a sake saita bawul.

Mai tambaya ko zai iya mayar da tsohon gaskit na top silinda tunda bai yage ba, a'a, ya riga ya danne, sayi sabo.