Amsa ga ɗana kan maganar wasiyya

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fatan kana lafiya da kai da iyalinka. Ka ce kana son yi wa Yaya, wato wana da ya haife ka, maganar ya rubuta wasiyya, amma kana tsoron a ce kana yi wa mahaifinka fatan mutuwa, ko ka sa ido a kan gonakinsa. Ka kuma tambaya ko al'adarmu ta san da wannan.

A ƙauyukanmu na ƙasar Ringim ba a saba ba. Tsoho yakan kira babban ɗansa ko amininsa ya faɗa masa da baki, galibi bayan ciwo ya ci ƙarfinsa. Amma rashin sabo ba hujja ba ne. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya nuna bai kamata Musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Rubutu ba ya jawo ajali.

Sai dai ka san abin da ake rubutawa. Ba wai Yaya zai ce gonar fadama ta wane ce, gida na wane ne ba. Wannan Allah ya riga ya raba a Suratun Nisa'i. Iyayenku mata tumuni ne nasu, wato kashi ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya, su raba a tsakaninsu, a cikin 'ya'ya kuma namiji yana da rabon mata biyu. Babu wasiyya ga magaji, kuma ko ga bare ba ta wuce sulusin dukiya, sai in magada sun yarda. Kafin a taɓa ko allura, sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya.

Bashin nan shi ya fi damuna. Gonar da kuke nomawa ta bakin burtali, ka san ba ta Yaya ba ce? Jingina ce, tun kana goye aka karɓe ta, kuma waɗanda suka shaida saura ni kaɗai. In na faɗi yau, gobe Yaya ya bi ni, za ku sa ta cikin gado da zuciya ɗaya, ku ci haƙƙin mutane ba ku sani ba. Haka shanun da ya ba wa makiyayi kiwo: nawa ne nasa, nawa ne na iyayenku mata? Da buhunan gero da ya ba da rance da bazara, da ragowar sadaki in akwai, da amanar da wani ya ba shi ajiya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Har iyakar gona a rubuta, a ce daga tsamiya zuwa layin gamba, domin na ga 'yan ɗaki ɗaya sun daina gaisawa a kan kunya uku.

Sai maganar 'ya'yan marigayi yayanka, Allah ya jiƙansa. Tunda ya riga mahaifinsa rasuwa, kuma ku 'ya'ya maza kuna raye, yaran nan ba su da gado a dukiyar kakansu. Mutane da yawa ba sa sanin haka sai ranar rabo, marayu suna zaune a bakin tabarma. A nan ne wasiyya take da amfani, domin su ba magada ba ne, Yaya zai iya yi musu daga cikin sulusi. In kuwa kyauta yake so, ya ba su yanzu da lafiyarsa, a damƙa gonar a hannun waliyyinsu a fara noma ta da sunansu. A mazhabarmu ta Malikiyya, kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu ta koma gado.

'Yan'uwanka mata kuma, kada ku bi abin da wasu suke yi, a ce mace tana gidan miji, bari maza su riƙe mata gonarta. Riƙon ba ya ƙarewa. Zalunci ne ko da an saba da shi. A auna a nuna wa kowace nata. In ta ga dama ta ba ku aro, da bakinta.

Kuɗin banki ma a faɗi inda suke. Wanda aka rubuta sunansa a takardar banki a matsayin makusanci ba shi ne mai kuɗin ba, na magada ne duka, kuma banki zai nemi takardar kotu kafin ya saki.

Kada ka tunkari Yaya kai kaɗai. Fara rubuta taka, tunda kai ma kana da mata da babur da bashin taki, ka kawo masa ya sa hannu a matsayin shaida. Ni zan zo ranar Juma'a, bayan an sauko mu shiga zaurensa tare da liman, ni zan buɗe maganar. Ka tanadi littafi da biro. In an rubuta, shaidu biyu adalai su sa hannu, a yi takardar guda biyu, ɗaya ta zauna wurin liman, a kuma sanar da dagaci maganar gonar jingina.

Ka gaishe min da Gwaggonka in ka biya ta wurinta.