Amsa ga mai tambayar yadda ake mayar da fasinja kujerun gaba a jirgi

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na ga kuma amsoshin da aka jero maka, shi ya sa na ce bari in samu natsuwa in rubuta tawa. Ka ce kana layin shiga jirgi aka kira mutumin da ke gabanka, aka karɓe bodin fas ɗinsa, wato takardar shiga jirgi, aka ba shi wani, da ka shiga sai ka tarar da shi a bizines ya miƙe ƙafa, alhali layi ɗaya kuka bi wajen awon kaya. Kana son sanin ko sa'a ce, ko sanayya, ko kuwa gaskiya ne abin da wani ya ce maka, wai in ka sha babbar riga ka fesa turare ka yi wa ma'aikaciyar kanta fara'a, magana ta ƙare.

Shekarata goma sha huɗu ina bin hanyar Kano zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin da Dubai sarin kaya. A duk tsawon nan sau uku kacal aka ɗaga ni zuwa bizines kyauta. A karon farko kuwa wata tsohuwar jallabiya ce a jikina da silifas, na kwana biyu ban yi barcin kirki ba. To ka ga batun babbar riga ya faɗi tun daga nan.

A Adis Ababa abin ya faru, za mu kama jirgin dare zuwa Gwanzu. Na miƙa bodin fas, na'urar ta yi ƙara ta nuna ja. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, biza ce ta samu matsala. Ma'aikacin ya ce in koma gefe, ya ɗan danna kwamfuta, ya yage takardata, ya miƙo min sabuwa ba tare da ya ko ɗago kai ya dube ni ba. Sai da na shiga na ga an nuna min kujera kusa da ƙofar gaba na gane abin da ake ciki. Aka kawo ɗan tawul mai ɗumi, na riƙe ina satar kallon maƙwabcina in ga abin da zai yi da nasa. Maɓallan kujerar kuwa sai da na danna wanda ya kusa kwantar da ni tun jirgi bai tashi ba. Amma abin da nake so ka lura da shi a labarin shi ne mutumin nan bai dube ni ba. Ba shi ya zaɓe ni ba, tun kafin in iso gabansa kwamfuta ta riga ta fitar da sunana.

Ga yadda abin yake. Kamfanonin jirage suna sayar da tikiti fiye da yawan kujerun da ke jirgin, da gangan, domin sun san a kowace tafiya akwai wanda zai makara, da wanda ya fasa, da wanda jirgin da zai haɗo shi bai iso a kan lokaci ba. Yawanci lissafin nasu na fita daidai. Ranar da bai fita ba, kowa ya zo, sai ka ga fasinjojin ikonomi sun fi kujerunsu yawa, gaba kuma akwai wuri. Maimakon su bar mutum a ƙasa su biya shi diyya su kama masa otal, ya fi musu sauƙi su tura wasu gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In baya bai cika ya tumbatsa ba, ko kujera goma ce babu kowa a bizines haka za su tashi da su, don in suka saba rabawa kyauta babu mai sake saya. Na sha leƙawa ta labule in ga wurin wayam, mu kuma muna baya gwiwa na gugar kujerar gaba.

Wa ake turawa? Akwai jeri, kuma a saman jerin masu katin kamfanin suke, wato waɗanda suka yi rajista a tsarin tara maki na masu yawan tafiya. Na Ethiopian sunansa ShebaMiles, na Qatar Privilege Club, na Emirates Skywards, na Turkish Miles&Smiles, na Saudia kuma Alfursan. Kowanne hawa-hawa ne, daga katin farko zuwa na azurfa, na zinare, har na ƙoli. Mai zinare yana gaban mai azurfa, mai azurfa yana gaban mai katin farko, shi kuma yana gaban wanda kwamfuta ba ta san shi ba sam. In mutum biyu matakinsu ɗaya, sai a duba wa ya fi biyan kuɗin tikiti. Ina kyautata zaton mutumin da ka gani mai kati ne.

Nan ne inda mu 'yan kasuwa muke tafka asara, kuma ni ne shugaban masu asarar. Shekara shida na yi ina zirga-zirga, wata shekarar sau huɗu, ban da kati. Rajistar kyauta ce, minti biyar a waya, amma babu wanda ya taɓa gaya min. Kuɗi kawai nake tura wa ejan ya turo tikiti, yau wannan kamfani gobe wancan, duk inda aka samu ragin dubu ashirin. Da na zauna na lissafa makin da na zubar, ya isa ya kai ni Sin a bizines ya dawo da ni, har da canji. Tun daga nan na tsaya a kan kamfani ɗaya sai in dole ta sa. Ko dolen ta sa, ina duba ƙawancensu, don Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk 'yan ƙawancen kamfanonin jirage na Star Alliance ne (EgyptAir da Turkish sun shiga a 2008, Ethiopian a 2011), za ka iya hawa wannan ka zuba makin a katin wancan, in dai tikitin na cikin masu ba da maki. Qatar tana ƙawancen oneworld tun 2013, Saudia tana na SkyTeam tun 2012, Emirates kuwa ba ta cikin ko ɗaya. Sai dai wajen ɗagawa, kowane kamfani nasa masu katin yake fara dubawa kafin na abokan ƙawance.

Kuma tsakani da Allah, ga mai sarin kaya ba kujerar ce babbar ribar katin ba. Mai katin zinare a Star Alliance ana ƙara masa kilo 20 ko jaka guda a yawancin tikiti, ya bi gajeren layi, ya zauna a falon jira ya ci ya sha, wani wurin har wanka. Ƙarin jakar nan kaɗai ta mayar min da kuɗin da ya fi na duk ɗagawar da aka taɓa yi min.

Sai batun ejan, wanda nake roƙon ka karanta sau biyu. Da yawansu lambar wayarsu da imel ɗinsu suke sakawa a bukin, ba naka ba. Wasu ba da mugunta ba, al'ada ce kawai. Illar ita ce duk saƙon da kamfani zai aiko, na canjin lokaci ko na tayin komawa gaba da rahusa, wurinsa zai tafi, shi kuma yana da fasinja ɗari, ba zai kira ka ba. Ni sai da na dawo daga wata tafiya ejan ɗina yake ce min, ai kuwa Alhaji an turo maka wani saƙo ranar nan, na manta. Na bar shi da Allah, na kuma canza ejan. Da an yankar maka tikiti, ka nemi lambar bukin ɗin nan mai haruffa da lambobi shida, ka shiga manhajar kamfanin da ita da sunan mahaifinka kamar yadda yake a fasfo, ka saka imel ɗinka da lambar katinka da hannunka. Sunan da ke katin ya zo daidai da na fasfo, in ba haka ba makin ba zai shiga ba. Kada kuma ka yar da bodin fas sai ka ga makin ya faɗo, don da shi ake neman wanda ya maƙale.

Ka kuma tambayi ejan harafin tikitinka. Ikonomi ba kala ɗaya ba ce, ko da kujerar iri ɗaya ce. Y shi ne cikakken farashi, J da C na bizines ne, sauran haruffan kowane kamfani da yadda ya tsara su. Mafi arha sau da yawa makinsa kaɗan ne ko babu, kuma wasu ba a yarda a ɗaga su ko da maki ko da kuɗi. Arha ba ta ado.

To yanzu hanyar da ta fi tabbas, wadda ni nake bi, ita ce ta biya, amma ba cikakken kuɗi ba. Kwanaki kaɗan kafin tafiya kamfanoni da dama suna aiko da imel su ce ka taya kujerar bizines, kamar gwanjo. Za ka ga wani ɗan ma'auni da kake ja, akwai mafi ƙarancin abin da za su karɓa, ka sa naka ka ba da katin banki mai biyan dala. Ba a cire ko kwabo sai an amince, kuma amsar takan zo ne kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. Ni ɗan sama da mafi ƙarancin nake tayawa, saboda yawancin mutane a kan ƙasan suke tsayawa. Wani lokacin in ci, wani lokacin shiru. Abu biyu ka kiyaye. Tayin na zango ɗaya ne, ba na tafiyar gaba ɗaya ba, kuma in ku uku ne a bukin ɗaya, kuɗin sau uku ne. Sannan ka karanta ƙa'idar, don a wasu kamfanonin kilon kayanka na nan yadda yake a tikitin farko, kujera da abinci kawai ka saya.

Kada ka ɓata tayinka a gajeren zango. Kano zuwa Adis Ababa ko Alƙahira 'yan awanni ne, sau da yawa kuma ƙaramin jirgi ne irin Boeing 737, wanda kujerar bizines ɗinsa ta fi faɗi amma ba ta zama gado. Zangon dare na awa goma zuwa Gwanzu a babban jirgi irin 787 ko A350, inda kujerar ke zama gado, shi ne ya cancanci kuɗinka. Ka sauka da safe ka wuce kasuwa kai tsaye maimakon ka kashe yini guda kana ramuwar barci a otal ɗin da kake biya.

In imel bai zo ba, ka tambaya a kanta lokacin awo. Amma tambayar farashi za ka yi, nawa ne yau in zan koma gaba, da kuɗi ko da maki? Wannan tambaya ce da suke da amsarta a kwamfuta, kuma wani lokacin farashin yakan ba ka mamaki. Roƙon a taimaka maka don Allah kuwa, ko ka ce kai wane ne a garinku, yarinyar ba ta da ikon yi, in ta yi ma sai ta amsa tambaya a ofis. Haka ma'aikatan cikin jirgi. Na taɓa ganin wani bawan Allah ya lallaɓa ya zauna a gaba bayan an kashe fitilu, ko minti biyar bai yi ba aka zo da takardar sunaye aka rako shi baya a gaban kowa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma abubuwan da ke sa a tsallake ka ko da kana jerin. Mai tafiya shi kaɗai ya fi sauƙin ɗagawa a kan iyali, don kujera ɗaya ko biyu ake nema, kuma ba sa son raba mutane. Tikitin rukuni, irin na kamfanonin Umara, da wuya ya shiga lissafi, jiragen alhazai na haya kuwa ka cire rai gaba ɗaya. Wanda ya yi odar abinci na musamman ma wasu ma'aikatan kan tsallake shi, saboda an riga an loda abincinsa da lambar kujerarsa ta baya. Mutanenmu kan sa a rubuta musu abincin Musulmi ko'ina za su, alhali a Qatar, Emirates, Saudia, Turkish da EgyptAir abincin duka halal ne, babu buƙata. A jiragen da ba haka ba kuwa ka yi odarka, kujera ba ta kai a yi wasa da abin da za a ci ba.

Wani lokacin za ka ji ana cigiyar masu yarda su bari sai jirgi na gaba. In ba ka da gaggawa, wannan ciniki ne, kuma nan ne kaɗai kake da bakin magana. Ka tambayi abin da za su bayar, otal da abinci da diyya, sannan ka ce a sa ka a gaba a jirgin goben. Ɗagawata ta biyu ta haka ta zo. Masu tasowa daga ƙasashen Tarayyar Turai su sani akwai dokar 2004 da ta ce wanda aka hana shi hawa ba da son ransa ba a biya shi Yuro 250 ko 400 ko 600 gwargwadon nisan tafiyar, don haka kada a sallame ka da abin da bai taka kara ya karya ba.

Tun da ka ce tafiyarka ta gaba a watan Oktoba ce, kada ka sa rai da yawa, lokacin baje kolin Canton ne da ake yi a Gwanzu, gaba da baya duk cike suke da waɗanda suka biya, kamar dai jiragen Jidda a goman ƙarshe na azumi. Abin da zan yi in ni ne kai, in yi rajistar katin yau, in saka lambar a bukin, sannan in kafa ƙararrawa a waya don lokacin da za a buɗe shiga ta intanet, yawanci awa 24 ko 48 kafin tashi gwargwadon kamfanin. A lokacin ake sakin kujerun da aka riƙe. Ka nemi layin ƙofar gaggawa in kana da lafiya kuma kana jin Turanci, don za su tambaye ka ko za ka iya taimakawa in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye. Wasu kamfanonin suna cajin ɗan kuɗi a kanta. Ka guji layin ƙarshe da ke jikin banɗaki, kujerarsa sau da yawa ba ta kwanciya, ga layin mutane a kanka har gari ya waye. Ka tafi da rigar sanyi in ka samu kujerar ƙofar gaggawar, wurin akwai sanyi sosai da dare.