Hannun Kafinta: Gado Ne ko Koyo?

Ɗana, jiya muna tattara kayan aiki ka tambaye ni ko ƙwarewa a sana'a gado ce, domin abokin koyonka, wanda ubansa da kakansa duk kafintoci ne, ya zo bayanka da wata shida amma har ya wuce ka wajen haɗa katako, alhali kai babu wanda ya taɓa riƙe zarto a gidanku. Ka ƙara da cewa garajen da nake yi maka faɗa a kai halin mahaifinka ne, kuma an ce hali zanen dutse, don haka kana tsoron ɓata lokacinka kake yi. Na jinkirta amsa ne saboda tambayar ta fi ƙarfin hirar tsaye.

Mu fara da abin da ke hannunmu kullum. Maɗaci ba ya zama rimi ko da wane irin ruwa aka ba shi, ɗaya mai tauri da nauyi, ɗayan mai laushi, wannan kuwa daga iri yake. Sai dai ka sha ganin katako biyu na itace iri ɗaya sun saɓa a ƙarƙashin zarto. Bishiyar da ta tashi a tsakiyar kurmi, tana neman haske tare da 'yan'uwanta, takan miƙe sambal, rassanta na ƙasa su mutu da wuri, katakonta ya fito ba yawan ƙulli. Wadda ta tsiro a gangare ko inda iska ke karkata ta takan tara wani irin nama a gefe guda domin ta tallafi kanta, kuma ranar da aka tsaga ta sai katakon ya lanƙwashe, har ya matse bakin zarto. Idan wani ya ce in faɗa masa kashi nawa na wannan katakon aikin iri ne, kashi nawa aikin wurin da ya tsiro, ba ni da inda zan aza fensir in ja layi, domin babu zare ɗaya a jikinsa da su biyun ba su taru suka yi ba.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan ɗan Adam ta wannan fuska. A 1869 Francis Galton, ɗan'uwan Charles Darwin, ya bi zuriyar fitattun mutanen Ingila, ya ga ɗaukaka tana zagayawa a gidaje ƙalilan, sai ya ce hazaƙa a jini take. Bai ba da nauyin da ya kamata ga cewa ɗan alƙali yana gadon dukiya da makaranta da sanayya tare da jinin ba. A 1924 kuma John Watson na Amurka ya tsaya a ɗaya gefen, ya yi iƙirarin cewa in aka ba shi jarirai goma sha biyu masu lafiya zai mayar da kowanne abin da ya ga dama, likita ko lauya ko ɓarawo. A ganina wannan maganar wanda bai taɓa horar da yaro biyu a wuri ɗaya ba ce.

Abin da ya kawo haske shi ne nazarin tagwaye, musamman waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya, tunda ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne. Daga 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota ya riƙa nemo irin waɗannan tagwaye da aka raba tun suna ƙanana suka tashi a gidaje daban, ya tarar suna kama da juna sosai a kaifin basira da ɗabi'a. A 2015 aka tattara binciken tagwaye na shekara hamsin, wanda ya shafi tagwaye fiye da miliyan 14, aka sami cewa kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane, kashi 49 cikin ɗari, yana da alaƙa da gado. Ka lura da kyau, wannan lissafin bambanci ne a cikin jama'a, bai ce rabin jikinka ko rabin halinka an rufe shi da kwaɗo ba. Tsawo yana cikin abubuwan da gado ya fi ƙarfi a kansu, amma matsakaicin tsawon matan Koriya ta Kudu ya ƙaru da kusan santimita 20 cikin shekara ɗari, saboda ingancin ci da lafiya, ba tare da jininsu ya sauya ba.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da koyo ba ya gyarawa. Wanda aka haifa ba ya bambance ja da kore, matsalar da ta fi kama maza kuma suke gado ta wajen uwa, ba zai koye shi ba ko ya shekara talatin yana shafa fenti, sai dai a ba shi wani aikin. Na duba idonka da hannunka tun makon farko, ban ga irin wannan ba.

To, me abokinka ya gada? Wataƙila akwai wani abu a jini, ban musa ba. Amma yaron da tun yana ɗan shekara biyar yake miƙa wa ubansa ƙusa, yana jin ƙarar zarto mai kaifi da ta dakusasshe, yana ganin yadda ake tsayawa kafin a yanka, ya shigo nan da koyon shekara goma wanda shi kansa bai san ya yi ba. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Sa'annan wanda abu ya zo masa da sauƙi yakan ji daɗinsa, a yaba masa, ya ƙara yi, sai ƙaramin fifiko ya girma har mai kallo ya rantse da shi aka haife shi. Ƙwaƙwalwa kuwa aiki yana sassaƙa ta ko bayan an girma. A 2000 wata masaniyar ƙwaƙwalwa, Eleanor Maguire, ta auna ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, ta ga ɓangaren baya na sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe taswirar wuri ya fi na sauran mutane girma, kuma girman yana tafiya da yawan shekarun tuƙi.

Batun garaje ya fi damuna, domin shi ne ke ci mana katako. Mai yiwuwa ka gado shi, kuma ban yi maka alkawarin za ka wayi gari mai sanyin rai ba. Ni ma da shi na tashi, maigidana ya sha ƙwace zarto daga hannuna, har yau kuma ina jin zuciyata tana riga hannuna. Abin da ya yi mini shi ne ya kafa mini doka, ba na yanka sai na auna sau biyu, na ja layi da sukwaya, ma'aunin daidaita kusurwa, na ajiye fensir, na sake dubawa. Halin yana nan, amma ya daina isa ga katakon. Haka muke yi wa katako mai gardama, mu duba inda zarensa ya nufa mu bi ta nan, domin in ka goge shi ta kishiyar zaren sai ya yage. Saurin nan naka ma yana da ranarsa, na ga yadda kake gano hanyar gyaran kujera tun abokinka yana juya ta.

Gobe in Allah ya kai mu ka ɗebo guntayen katakon da ke ƙarƙashin tebur, ka haɗa mini gaɓa goma, ka rubuta lamba a jikin kowace. Kada ka leƙa na kowa. Za mu riƙa yin haka kowace safiya har wata uku, sa'annan mu ɗauko ta farko mu jera ta da ta ƙarshe.